Geji mai tiyo ko mai waya: wanne ya dace da Chevelle ƙirar 1969?

Ɗan uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka samu Chevrolet Chevelle ƙirar 1969 a can Texas, mai injin 350, dashbod ɗinta daga maleji sai gejin fetur sai fitilun gargaɗi. Kana son ƙara gejin baƙin mai, da na zafi, da na caji, da takomita (mai nuna yawan zagayen inji a minti ɗaya), amma masu shago sun raba maka hankali, wannan ya ce mai tiyo, wancan ya ce mai waya. To, Allah ya sanya alheri a motar. Ga yadda nake ganin abin.

Bari mu fara da baƙin mai, don a nan rigimar take. Mai tiyo ba ruwansa da lantarki sai na fitilarsa. Siririn tiyo ne mai kaurin 1/8 na inci, ana ɗaura shi a ramin mai da ke bayan injin kusa da distiributa, ya ratsa ƙarfen da ya raba inji da mazauni, ya zo bayan gejin. Man da kansa ke tura allurar, shi ya sa kana taɓa totur za ka ga ta ɗaga, kuma tana zagaya kusan digiri 270, ko ɗan sauyi kaɗan ba ya ɓuya. Wannan ne ya sa tsofaffin 'yan tsere ba sa jin kira a kansa, kuma suna da hujja.

Amma ka tsaya ka duba abin da kake shigowa da shi: mai mai zafi, mai ƙarfin psi 40 zuwa 60, dab da gwiwarka. Farin tiyon robar da ke zuwa cikin kwali yana bushewa da daɗewa, in kuma ya jingina da bututun hayaƙi, narkewa zai yi. Na jan ƙarfe ya fi shi, sai dai girgizar inji tana tsage shi a gindin noti in ba a naɗa masa 'yar gammo ta shanye motsi ba. Ranar da ya fashe, kafet ya tafi, man injin kuma yana tsiyaya kana kan babbar hanya. In zuciyarka ta nace sai mai tiyo, sayi wanda aka yi wa rigar saƙar ƙarfe, ka sa zoben roba a ramin da zai bi.

Mai waya kuwa, man yana can wajensa. Sansa ce, wato 'yar na'urar da ke jin ƙarfin man, ake ɗaurawa a wannan ramin dai, waya ɗaya ta shigo ciki. Masu arha allurarsu digiri 90 kawai take tafiya, tana da ɗan nawa. Masu tsada suna cikakken zagaye, ba su bar wa mai tiyo komai ba. Abu biyu ke kayar da mutane a kansa. Na farko, abin da ke ramin yanzu makunnin fitilar gargaɗi ne kawai, ba zai motsa allura ba, dole ka sa sansar da ta zo da gejin. Ni dai shawarata, kada ka cire tsohon, sa mahaɗa mai baki uku su zauna tare, domin jar fitila tana fizgar ido tun kafin ka tuna da duba allura. Na biyu, sansa mai waya ɗaya ta zarenta take samun at, wato haɗuwar nagatif, a jikin inji. In ka lafta mata farin tef har ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, gejin zai yi ta ba ka labarin ƙarya.

A gejin zafi, mai tiyo a rufe yake da sinadari a ciki, ba a yanka shi, ba a ƙara shi, in ya karye ya zama shara. Kansa da notinsa manya ne, sai ka huda babban rami. Abin yabonsa, ko ka kashe mota yana ci gaba da nuna zafi. Bai kai a huda jikin motar da ta haura shekara hamsin saboda shi ba.

Caji ba gardama. Amita, wato gejin da ke auna yawan wutar da ke gudana, tana son wutar cajin duka ta bi ta bayan dashbod, kuma masu Dodge Charger da Plymouth na wancan zamanin sun ga ta kansu da narkewar soket a wannan hanyar. Sa boltmita, mai auna bolt: siraran waya biyu, wajen 12.6 in inji na kashe, wajen 14 in yana aiki. Saboda haka ni hukuncina, motar da za ka riƙa hawa da iyali, duka ukun masu waya.

Takomita kuma ba zaɓi a cikinta, sanin inda koriyar waya za ta sauka ne aikin. Irin ta kamfanin AutoMeter waya huɗu ce. Cire kan batir na nagatif tukuna. Baƙa at ce, ɗaure ta a wankakken ƙarfe marar fenti, ba jikin robar dashbod ba. Ja ta tafi ramin da aka rubuta wa IGN a akwatin fiyus, fara ta tafi wanda aka rubuta wa LPS, don hasken gejin ya riƙa raguwa tare da na dashbod. Kada ka yi gajen haƙuri ka ɗebi wutar ja daga fositif ɗin kwayil. In motar tana kan kwantak ɗinta na asali, wayar da ke kai wuta wurin an yi ta ne ta rage ƙarfi, ba ta kai bolt 12 in inji na aiki.

Koriyar ta danganta da abin da masu motar na baya suka yi mata, don haka buɗe bonet ka leƙa. In kwayil mai siffar gwangwani ne da kwantak, nagatif ɗin kwayil. In ka ga ƙaton distiributa mai kwayil a cikin hularsa, HEI ke nan, wanda GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1970, mutane da yawa kuma suka dasa wa tsofaffin motocinsu. A gefen hular akwai baki biyu, BAT da TACH. Koriya ta shiga TACH, kuma kada bakin nan ya taɓa jikin ƙarfe, yana iya ƙona modul. In kuwa ka tarar da jan akwatin MSD, mai ƙara ƙarfin tartsatsi, nesanta koriyar daga kwayil gaba ɗaya, don akwatin yana harba masa ɗaruruwan bolt, takomitar ba za ta kai labari ba. Akwatin yana da nasa mafitar ta takomita, can za ka haɗa. Ko ina ta fito, kada ka jera ta da wayoyin fulogi, allura za ta yi ta rawa.

Kafin ka ɗaure ta a sandar sitiyari, juya bayanta ka tabbatar an saita ta a silinda 8. Injin V8 sau huɗu yake ba da tartsatsi a kowane zagaye, mai silinda 4 sau biyu. In aka bar ta a 4, injin da ke zaune lafiya a 700 za ta nuna maka 1,400, ka je kana kwance kafireton da bai yi laifin komai ba.