A buɗe injin a gyara, ko a sauke shi a ɗora na hannu?

Ɗan'uwa, ka ce motarka mai shan fetur ce, ta haura kilomita 320,000, tana shan baƙin mai har sai ka ƙara lita guda kafin ka cika kilomita 1,000, kuma idan ka tayar da ita da safe sai ta yi ta fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Bakanike ɗaya ya ce a buɗe injin a sa sabbin ringi (zobban da ke jikin fistin), ɗayan ya ce asarar kuɗi ce, a sauke shi kawai a ɗora na hannu. Kana son sanin wanne ya fi.

Abin da ban ji ka faɗa ba shi ne ko a cikinsu akwai wanda ya ɗora ma'auni a kan injin kafin ya yi magana. Lambar da ke kan mita ba ta isa hujja ba. Akwai injin da ya yi 400,000 yana lafiya ƙalau saboda ana yi masa juye a kan kari, akwai wanda bai kai rabin haka ba ya gama yawo saboda sau biyu ya yi zafi har ya tafasa. Hayaƙin da ka ambata ma yana da fassara. Idan da safe ne kawai yake fita, ko bayan motar ta daɗe a sulo, sannan ya ɗauke da zarar ka kama hanya, yawanci sil ɗin bawul ne suka bushe suka ƙandare, mai yana zirarowa daga sama cikin dare. Idan kuwa sai ka taka totur yake turnuƙewa, musamman a hawa, to zargi ya koma kan ringi. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama, ga ruwan lagireto yana raguwa, wannan gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar injin. Baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi yawa, ba ruwan ringi da shi. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bawul da ake kira PCV, wanda yake zuƙe tururin cikin injin ya mayar da shi ya ƙone. Idan ya maƙale, mota takan sha mai kamar ringinta sun mutu, alhali canza shi aikin 'yan mintoci ne. A duba shi, a kuma leƙa ƙarƙashin motar, don wani man ba ƙonewa yake yi ba, ɗiga yake yi.

Sai awo biyu da nake ganin bai kamata a kwance noti ko ɗaya ba kafin a yi su. Na farko awon matsin silinda: a cire fulogi duka, a ɗaura geji a rami ɗaya bayan ɗaya, a buɗe totur a murza ki. Littafin motarka yana da mafi ƙarancin lambar da aka yarda da ita, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Silindar da ta yi ƙasa, a zuba mata kamar cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In allurar ta yi tsalle, ringi ne ko bangon silinda ya cinye, domin man ne ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne. In silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya fashe a tsakaninsu. Sai dai a kula, ringin da ke share mai, na can ƙasa, yana iya daskarewa da datti alhali na sama suna riƙe matsi daram, don haka awo mai kyau bai wanke ringi gaba ɗaya ba. Na biyu awon ƙarfin baƙin mai, da geji na gaske, injin yana da zafi. Idan fitilar mai tana ƙyaftawa a sulo bayan doguwar tafiya, ko kana jin wata ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal, tana bin totur, to metal, wato ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu, sun ci, matsalar ta sauka kan karanshaf.

Yanzu ga zaɓin farko. Wanda ya buɗe injinsa ya san abin da ke hannunsa, domin shi ya yi ta tuƙa shi, ya san ko ya taɓa tafasa, ya san irin man da yake zuba masa. Komai na jikinsa ya dace da motar: wayoyi, sensa, ƙwaƙwalwar mota, mazaunin injin, har lambar da ke cikin takardu. Amma gyaran injin suna ne da ake kiran abubuwa biyu mabambanta da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ƙonewa. Akwai a zare fistin, a cire tsofaffin ringi, a maƙala sabbi, a mayar a ɗaure. Akwai kuma a kwance komai, a wanke, a auna. Silindar da ta yi tafiyar kilomita 300,000 ba lallai ta kasance da'ira cikakkiya ba. Takan buɗe daga sama inda wuta ta fi dukanta, ta ɗan yi ƙwai. Sa farcenka a bakinta na sama, za ka ji wani ɗan tudu inda ringi ba ya kaiwa. Wannan tudun shi ne asalin faɗinta, abin da ke ƙasa da shi duk ci ne. Sabon ringi zagaye yake sak, ba zai zauna a rami mai ƙwai ba, shi ya sa za ka ga an yi gyara, bayan wata uku hayaƙi ya dawo. Gyaran kirki sai an auna ramin a wurare da dama; in cin ya wuce iyaka a kai bulok wurin masu injin yanka su faɗaɗa shi, a sa fistin mai ƙarin girma, galibi milimita 0.25 ko 0.50. In bai wuce ba, a goge bangon a fitar masa da zanen nan mai gicciye wanda yake riƙe mai. Karanshaf ma a auna, in ya ci a rage shi a sa metal masu kaurin da ya dace. Kan silinda a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lanƙwashe. A injuna da yawa masu kan alminiyom, abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, wato kusan kaurin gashin kai.

Ka lura da yadda bakaniken yake ɗaure notikan kan silinda. Suna da tsari, daga tsakiya ake farawa a yi waje, mataki-mataki, da sifana mai awon ƙarfi. A injunan zamani da yawa notikan miƙewa suke yi idan an ɗaure su, don haka wasu ba a maimaita su sam, wasu sai an auna su kafin a mayar. Duk wanda ka ga ya zura bututu a sifana yana ja har sai ya ji a jikinsa cewa ya yi, kada ka ba shi injinka, kome sunan da ya yi. A gyara, abin da kake saye hannun mai aiki ne da ingancin kayan da ya sa. Gasket na jabu guda ɗaya ya isa ya rushe aikin mako biyu.

Zaɓi na biyu yana da abin da na farko ba zai taɓa samu ba: injin da ba a taɓa buɗe shi ba tun daga masana'anta, wanda aka haɗa a wuri marar ƙura, kowane noti da awonsa. In ka dace da mai ƙarancin tafiya, wanda aka ciro daga motar da aka buga ta baya ko ta gefe, ya fi mafi yawan gyare-gyaren da ake yi a gareji. Ga sauri, kwana biyu ko uku ka karɓi motarka. Matsalar ita ce injin ba shi da mita a jikinsa. Lambar da mai sayarwa ya faɗa maka, bakinsa ne kawai shaida. Cinikin biri a sama ne, sai dai akwai hanyoyin sauko da shi ka gani. A buɗe murfin sama: ƙarfe mai ruwan zuma ko ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta injin da ya samu juye, baƙin dasƙararren datti kamar kwalta kuwa, juya ka tafi. A ciro fulogi huɗun ko shidan a jera su, su kasance kala ɗaya. Wanda ya fita daban da jiƙaƙƙen mai, ko ya yi fari tas kamar an wanke shi da tururi, yana ba ka labarin silindarsa. A sa sifana a juya karanshaf da hannu zagaye biyu, ya tafi sumul ba tare da ya cije ba. In mai shi ya yarda, a sauke kaskon mai na ƙasa a haska tocila. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki yana nufin metal sun fara tafiya. Kuma a rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji, waɗanda za su fara ƙirguwa daga ranar da aka tayar da injin a cikin motarka, ba ranar da ka biya ba.

Sai batun dacewa, wanda ake rainawa. Injuna biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, lamba ɗaya a jiki, amma shekarar ƙira ko ƙasar da aka yi wa motar ta sa sensa ko nozul ko soket ɗin wayoyi suka bambanta. Hanya mafi tsafta ita ce a ɗauki gangar jikin injin kawai, a mayar masa da wayoyi da sensa da bututun shaƙar iska na tsohon naka. Da zarar aka fara yanke waya ana haɗawa da salatif don a tilasta masa zama, ka sayi fitilar gargaɗi da ba za ta sake mutuwa ba. Kuma tun yana ƙasa, kafin a ɗora, a canza sil ɗin bayan karanshaf, da famfon ruwa, da taimin bel in mai bel ne, tunda ba ka san yaushe aka sa wanda ke jiki ba. A injuna da yawa in bel ɗin ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. In motar mai kuloci ce a duba faifan a lokacin. Wannan duka yana cikin kuɗin injin hannu, ko da yake ba a faɗa maka shi a farkon ciniki.

Wani abu da ya kamata ka bincika: shin shan mai ciwon gidan su injinka ne? Misali, injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, na cikin Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, ya yi suna wajen shan mai saboda yanayin fistin da ringinsa, har kamfanin ya tsawaita garanti a Amurka yana canza su da waɗanda aka sake wa fasali. Mai irin wannan in ya sayo na hannu, mai yiwuwa ciwon da ya gudu daga gare shi ne ya sake sayowa, alhali gyara da sabon samfurin fistin yana kashe matsalar daga tushe. A gefe guda kuma, wasu injunan masu bulok na alminiyom bangon silindarsu siriri ne, kamfanin bai yarda a faɗaɗa shi ba. In ya yi zane mai zurfi, zancen gyara ya ƙare.

Ta fuskar kuɗi, na injin hannu a fili yake tun farko, na gyara kuwa ba ya bayyana sai an buɗe. An ce maka ringi da gasket, sai a kira ka a ce karanshaf ma sai an taɓa, famfon mai ma ya gaji. Ka sa wannan a lissafi, ka kuma ce kada a sayi komai sai an gama awo an nuna maka.

Ko wanne ka zaɓa, in tsohon ya taɓa zafi, a nemo dalilin. Lagireto da ya toshe, fanka da ba ta tashi a kan lokaci, tiyo da ya yi laushi, murfin lagireto da ba ya riƙe matsi, duk suna nan suna jiran sabon injin. Kuma kada a cire tamostat a jefar da sunan maganin zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana ƙara shan fetur, yana kuma saurin cinye silinda.

Ga inda na tsaya a kan taka motar. In awo ya nuna matsi daidai, ƙarfin mai lafiya, hayaƙin kuma na safe ne kawai kamar yadda ka kwatanta, ban ga dalilin yin ko ɗaya daga cikin biyun ba tukuna. A canza PCV da sil ɗin bawul, waɗanda a injuna da yawa ana iya canza su ba tare da an sauke kan silinda ba, ka ci gaba da duba sandar mai duk lokacin da ka sha fetur. Lita guda a kilomita 1,000 yana da yawa, yana ɓata fulogi da matatar hayaƙin da ke cikin salansa sannu a hankali, amma Toyota kanta ta rubuta wannan adadin a littattafan motocinta da dama a matsayin iyakar abin da za a iya jurewa. In ringi ne, bulok da karanshaf kuma suna cikin awo, kana da bakaniken da ka ga ma'aunansa da idonka, a gyara naka. In ya riga ya buga, ko ya tafasa har ruwa ya gauraya da mai, ko babu mai aikin da ka amince da hannunsa, na hannu ya fi, da sharaɗin gwaji a rubuce.

Kafin ka fitar da ko sisi, a ɗaga motar sama ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Duba shasi da mazaunin shokozoba ko tsatsa ta huda su, ka zaro man giya ka shinshina ko yana ƙauri, ka tuna ko tana jinkiri ko fizga wajen canza giya. Giyar ma kilomita 320,000 ɗin ta yi, kuma injin mai ƙarfi zai matsa mata fiye da yadda gajiyayyen yake yi. In ita ma tana kan hanya, haɗa kuɗinta da na injin ka kwatanta da abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gama, sannan ka dawo mana da lambobin awon kowace silinda mu duba tare.