Tsakanin abortive da futile

Malam, ka ce ka ci karo da "abortive coup" a jarida, kana tambaya ko ɗaya take da futile, tunda duka biyun ana faɗinsu kan yunƙurin da bai yi nasara ba. Ba ɗaya ba ne.

Abortive daga Latin ta fito, tushensu ɗaya da abortion, wato ɓarin ciki. Abu ne da aka ɗauko gadan-gadan, ana sa ran zai kai, sai ya wargaje a hanya. Dubi ranar 13 ga Fabrairu 1976. Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa sun harbe Janar Murtala Muhammad a Legas, Dimka ya shiga gidan rediyo ya sanar da juyin mulki, amma a ranar sojojin gwamnati suka ƙwace gidan rediyon, ya ranta a na kare, mulki ya koma hannun Obasanjo. Wannan shi ne abortive coup. Ka lura, kalmar ba ta ce ba a yi ɓarna ba, ai shugaban ƙasa aka kashe. Abin da take nufi shi ne ba a kai inda aka dosa ba. Haka ake kiran na Manjo Gideon Orkar na 1990.

Ita kuwa futile, tun fil azal babu nasara a cikin abin. Ɗibar ruwa da kwando ne, ko shekara za ka yi kana yi. Shi ya sa ake iya faɗinta tun ba a fara ba: "It is futile to argue with him", wato gardama da shi ɓata lokaci ne. Abortive ba ta shiga wannan gurbin, sai an fara an tsaya. Kuma ta fi zama gaban suna, irin su attempt, coup da talks.

'Yan jaridarmu na Najeriya suna yawan rubuta "efforts to reach him proved abortive" idan sun kira mutum bai ɗauka ba. Ba kuskure ba ne, amma a ganina kalmar ta yi wa kiran waya nauyi. A nan unsuccessful ta wadatar, domin ita ba ruwanta da ko an fara ko akwai fata, rashin nasara kawai take nufi. Idan wasiƙar ofis ko jarrabawa kake rubutawa kuma kana kokwanto, ita za ka ɗauka.