Akwatin duwatsun ado da na saya wa 'yata na hutu

Da hutu ya ƙarato na tambayi yara abin da kowa yake so in saya masa. Ƙaramin bai ko yi tunani ba ya ce ƙwallo. Babbar, mai shekara 14, wadda na ɗauka waya za ta ce, sai ta ce, "Umma, ni dai duwatsun ado da allura." Ashe wata ƙawarta ce a aji take zuwa da abin hannu da ta shirya da kanta.

Na sayo akwatin 'yan koyo. A ciki akwai duwatsu kala 24, kowace kala a gurbinta, da allurai uku, da zaren roba, da zaren nailan, da ƙaramin almakashi, sai zoben katako na ɗaure ƙyalle da zaren surfani mai sili shida. Mako biyar ke nan muna amfani da shi.

Manyan duwatsun, masu lamba 6/0, ba ni da abin cewa a kansu. Ramukansu a buɗe suke, a yammacin farko ta gama abin hannu biyu. Zaren surfanin ma yana da kyau, mun wanke ƙyallen bai zuba ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne ƙananan, masu lamba 11/0. A wannan harka duk yadda lamba ta hau, dutsen ƙanƙancewa yake, waɗannan kuwa faɗinsu kusan milimita 2 ne. Allurar da aka haɗo da su ta ɗinki ce, kafarta ta yi kauri. Saƙar duwatsu kuma tana buƙatar allura ta bi ta dutse guda sau biyu ko uku. Na same ta zaune ta tura allura da ƙarfi, dutsen ya fashe tsakanin yatsunta, ta ɗago ido cike da ƙwalla tana cewa ita ce ba ta iya ba. Wallahi abin ya taɓa ni, don laifin ba nata ba ne. Ga shi duwatsun ba girmansu ɗaya ba, layi sai ya karkace, jajayen kuma fentinsu yana kama yatsa in an yi gumi.

Na nemo mata allurar duwatsu mai lamba 12 da ɗan kakin zuma na goga wa zare don kada ya harɗe, na ƙara da ƙunshi biyu na duwatsun kamfanin Miyuki, na ƙasar Japan, waɗanda girmansu yake daidai wa daida. Nan take aikinta ya miƙe.

Ga yaron da zai fara, akwatin ya yi, amma a haɗa masa da allurar kirki tun ranar farko. Yanzu tana kan sarƙa ta huɗu, ta ce ta malamar lissafinsu ce idan an koma makaranta.