Shagon atamfar da na gano a status

Wata 3 ina kallon status ɗin wani mai atamfa a Kantin Kwari kafin na yarda na je. Kullum da sassafe zai ɗora bidiyo a WhatsApp, yaronsa na warware turmi a ƙarƙashin farar fitila, kala na sheƙi. Ni kuwa ba na sayen zani ta waya, sai ranar Asabar na hau Adaidaita na je da ƙafata.

Kayan dai ba ƙarya. Na murza bakin atamfar da yatsa, ba sitaci ne ya riƙe ta ba. Na sa aka auna a gabana, yadi 6 cif. Sai dai shuɗin da ya ja ni ya fi duhu a ido. Fitilar nan tana yi masa aiki, wallahi.

Shi hankalinsa na kan 'yan sari. Ka ɗauki turmi 10 ya sauke maka farashi, guda ɗaya kuwa ko sisi. Na taya, ya ce, "Albarka, Hajiya," ya miƙo mini ruwan sanyi. Kafin na shanye na tura masa kuɗin.

Yanzu mun haɗa kuɗi da maƙwabtana biyu, kafin Sallah sari za mu koma yi.