Laburaren sirranta bayanai: na Windows, OpenSSL ko libsodium?

Duk mai rubuta manhaja don kemis, makarantun kuɗi ko shagunan Ƙofar Ƙaura ya san ba shi ke zaɓar kwamfutar da za ta hau ba. Wani na kan Windows 11, wani ya sayi ta hannu mai Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020. Kafin ka zaɓi laburare, wato shiryayyen tarin umarni da za ka saka a manhajarka don sirranta bayanai, duba kwamfutar kwastomanka mafi tsufa.

Mafi sauƙi shi ne ka jingina da Schannel, laburaren sirrantawa da ke cikin Windows. Gyaransa na wuyan Microsoft. Sai dai iya abin da kwamfutar ta iya, shi manhajarka za ta iya: sigar 1.3 ta TLS, tsarin sirranta bayanan da ke bi ta intanet, sai a Windows 11, a Windows 7 kuwa ko TLS 1.2 wani lokaci sai an saka sabuntawa an kunna shi. Ran da saba, wato kwamfutar da manhajarka ke magana da ita ta intanet, ta daina karɓar tsohon tsari, kai mai shago zai kira.

OpenSSL ya fi faɗi, amma nan rigimar take. Sigoginsa sun bambanta: a Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows, 20.04 ya zo da OpenSSL 1.1.1, shi kuwa 22.04 da 3.0. Manhajar da ke neman libssl.so.1.1, fayil ɗin sigar 1.1.1, ko buɗewa ba za ta yi ba a 22.04. Wasu kan kwaso tsohon fayil ɗin daga intanet su dasa. Kada ka yi, an daina gyara 1.1.1 kyauta tun Satumban 2023. Bayan haka 3.0 ya ware tsofaffin hanyoyin sirrantawa irin su RC4 da Blowfish, sai ka kira su da kanka, shi ya sa wasu tsofaffin fayilolin maɓalli ke ƙin buɗewa.

Ni na fi yarda ka ƙunsa OpenSSL naka cikin manhajar, ta yi aiki iri ɗaya ko'ina. Da sharaɗi fa: in ɓaraka ta ɓulla irin Heartbleed da aka gano a OpenSSL a 2014, babu mai toshe maka. Ka gina hanyar sabuntawa tun farko, mai cin data kaɗan, in ba haka ba ka yi ta zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura da filashi a aljihu.

In fayil ɗin ciniki kawai kake son kullewa, libsodium ya isa. Ƙarami ne, da wuya ka yi kuskure da shi, amma ba ya yin TLS.