Mazaunin lasifikar ƙofar mota: bitar aikin wani shago a Suame

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kumasi na hannu ne, an shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma kafin su iso wurin mai su na yanzu lasifikun da kamfani ya sa musu a ƙofa sun riga sun sha zafi da danshi na shekaru masu yawa. Takardar lasifikar kan yage, ko robar bakinta ta ruɓe, sai muryar mai karanta labarai ta riƙa karkarwa. Mai mota ya sayo sababbi na Pioneer ko Kenwood ko JBL, ya kai wa mai haɗa waya, a nan ne za a tarar sabuwar ta ƙi zama a gurbin tsohuwar. Abin da ke sasanta su shi ne wani zobe da ake yankawa daidai da ƙofar, a ɗaure shi a jikin ƙarfe, sannan a ɗaure lasifikar a kansa. Wannan mazauni ba a ganinsa da zarar an mayar da marfin ƙofa, shi ya sa mutane ke rainawa, alhali shi ne ke yanke hukunci a kan ko kuɗin da aka kashe wajen sayen lasifikar zai yi amfani.

Dalilin rashin dacewar ba boyayye ba ne. Kowane kamfanin mota yana da tasa hanyar ɗaure lasifika. A Toyota Corolla ta shekarun 2009 zuwa 2013, irin wadda nake tuƙawa, lasifikar ƙofar gaba haɗe take da wani gida na roba mai kunnuwa 3, kuma da ribit aka kafe ta, don haka ba a kwance ta da sukundireba, sai an huda kan ribit ɗin an cire. Motocin Honda da yawa suna amfani da ƙugiya a ƙasa da noti guda a sama. Ford kuwa ta daɗe tana sa lasifika mai siffar ƙwai, inci 6 da 8. Ita kuma lasifikar kasuwa mai inci 6.5, wato kimanin santimita 16.5, da'ira ce mai ƙananan huji a gefenta, waɗanda ba su faɗa kan hujin ko ɗaya daga cikin motocin nan ba. Ga kuma batun zurfi: maganaɗisun sabuwar lasifika yakan fi na tsohuwar girma, kuma a bayansa ne gilashin taga yake sauka idan an zuge shi.

Akwai masu ɗaure lasifikar kai tsaye a jikin ƙarfen ƙofa da ƙusa mai zare, su huda inda suka ga dama. Akwai masu fasa tsohuwar lasifika su yi amfani da gidanta na roba, dabarar da ba laifi idan robar ba ta bushe ta fara tsagewa ba. Akwai kuma mazaunin roba na kanti, wanda kamfanonin Amurka irin su Metra da Scosche ke yi wa kowane samfurin mota, sai dai samun wanda ya dace da motarka a Kumasi sai an dace, in ba haka ba sai ka sa a nemo maka a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai da ke Akara ko ka yi oda daga waje ka zauna jira. Hanya ta huɗu ita ce a yanka maka naka, kuma ita ce na kai motata a yi mata a wani ƙaramin shago da ke cikin Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota ta Kumasi, can ciki bayan layin masu sayar da fitilun mota.

Shagon rumfar kwano ce da tebur guda na aiki, mai shi mutumin Aboabo ne da ya fara da aikin wayar mota kafin ya koma wannan fanni, yana da yara biyu masu koyon sana'a. Abin da ya fara ba ni natsuwa shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya buɗe ƙofar. Ya sa yaronsa ya ɓalle marfin da wata 'yar robar ɓalla maimakon sukundireba, wadda kan ƙwarzane fenti. Bayan ya huda ribit ukun ya zare tsohuwar lasifika, ya ce mini, "Alhaji, sauke gilashin nan har ƙasa." Da gilashin ya sauka, ya zura ma'auni ta cikin ramin har ya taɓa shi, ya rubuta lambar da alli a jikin tebur, sannan ya auna sabuwar lasifikar daga bakinta zuwa bayan maganaɗisu. Bambancin lambobin biyu shi ne ya gaya masa kaurin zoben da ake bukata. Bai tsaya nan ba, ya jingina marfin ƙofar a gurbinsa ya leƙa ta ragar lasifika, domin idan zoben ya yi kauri da yawa bakin lasifikar zai riƙa dukan marfin duk lokacin da aka ƙara murya. Tsakanin gilashi a baya da marfi a gaba, filin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma a cikinsa ne gwanintar aikin take.

Siffar zoben kuwa daga tsohuwar lasifika ya ɗauko ta. Ya kifa ta a kan kwali ya zana kewayenta da kunnuwanta uku, ya yanke kwalin ya gwada a ƙofar, ya rage nan ya ƙara can, sai da hujin kwalin suka faɗa daidai kan hujin ribit na asali sannan ya mayar da zanen kan allo. Amfanin wannan shi ne ba a yi wa ƙofar sabon huji ko guda ba. Duk hujin da aka yi a ƙarfen ƙofa yana cire fenti, kuma ƙarfe tsirara a wuri mai danshi tsatsa yake kira.

Batun danshi shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya, domin a nan ne masu wannan sana'a suka rabu gida biyu. Mutane da yawa sun ɗauka cikin ƙofar mota busasshen wuri ne. Ba haka ba ne. Robar da ke shafar gilashi daga waje ba ta hana ruwa gaba ɗaya, yakan zurara ciki ya bi jikin gilashin ya fita ta ƙananan hujin da aka bari a gindin ƙofar, kuma saboda haka ne kamfani ke manna leda tsakanin ƙarfen da marfin ciki. Bayan lasifika yana ɓangaren da ruwan ke bi. A Kumasi damina biyu muke yi a shekara, babba daga wajejen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ban da masu wankin mota da ke feshi da inji mai ƙarfi. Abin da aka fi yanka zobe da shi, saboda arha da sauƙin yanka, shi ne katakon MDF, wato garin katako da aka matse da gam. Idan ruwa ya same shi kumbura yake yi kamar burodi a cikin shayi, ƙusoshin su saki, lasifikar ta fara rawa a mazauninta. Wasu kan shafa masa fenti ko man katako su ce sun tsare shi, amma ruwa ta hujin ƙusa da ta gefen yanka yake shiga, wuraren da burushi bai cika kaiwa ba.

Da na tambayi mai shagon, "Masta, da wane allo za ka yanka?", sai ya ɗauko min guntaye biyu daga ƙarƙashin tebur. Ɗaya zoben MDF ne da ya ciro daga wata tasi, ya kumbura ya yi baƙi, yana marmashewa idan an murza shi da yatsa. Ɗayan farin allon roba ne na PVC, irin wanda masu rubuta allunan talla ke amfani da shi, mai kaurin milimita 18. Ya ce duka biyun yana yankawa, domin akwai direbobin haya da ba za su biya kuɗin roba ba, amma shi ba ya ɗaukar alkawari a kan na katako. Na zaɓi na roba. Ruwa ba ya cinsa, gara ba ta kusantarsa, yana yankuwa da zarton lantarki kamar katako. Rauninsa shi ne bai kai katako mai kyau riƙe ƙusa ba idan an yi ta kwancewa ana ɗaurewa, kuma idan aka matse da ƙarfi zaren yakan cinye. Mai shagon ya san da haka: ya fara huda ƙaramin rami kafin ya sa kowace ƙusa, kuma ya ƙarasa matsewa da hannu, bai bar wa inji ba. Zoben kansa ya ɗaure shi a ƙofar da bol da noti, waɗanda ba sa tsatsa, maimakon sabon ribit, domin a iya kwancewa wata rana ba tare da an sake huda ba.

Sai toshe kafofi, wanda shi ne ya fi shafar sauti. Lasifika tana tura iska gaba tana ja daga baya a lokaci guda. Idan akwai tazara tsakanin zobe da ƙarfen ƙofa, iskar gaba da ta baya sukan haɗu su kashe juna, kuma amon ƙasa, mai kauri, shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Wannan ne ya sa za ka ga mutum ya sayi lasifika mai tsada amma sautin ya fi na tsohuwar siranta, ya koma yana zargin mai kanti da sayar masa da jabu. Ƙarfen ƙofa ba shimfiɗaɗɗe ba ne sarai, yana da tudu da kwari, don haka mai shagon ya manna siririn soso mai gam a bayan zoben, ya manna wani tsakanin zoben da lasifikar. Ya kuma yanko 'yar leda mai kauri ya yi wa saman maganaɗisun rumfa ta ciki, yadda ɗigon ruwa zai zame ta gefe. Ya bar ƙasan a buɗe, kuma ya yi daidai, domin lasifikar ƙofa tana bukatar faɗin cikin ƙofar domin ta yi amo.

Sakamakon ya gamsar da ni. Ni ba mai buga kiɗa har unguwa ta ji ba ne, abin da na fi saurare shi ne karatun Alƙur'ani da tafsiri da shirye-shiryen Zuria FM, kuma muryar ɗan Adam ba ta ɓoye aibin lasifika. Yanzu muryar tana fitowa a cike, ba ta da wannan ƙarar gwangwani da nake ji a da. Gilashi yana sauka har ƙasa ba ya gogar komai. Motar ta bi ramukan hanyoyin cikin unguwa, ta wuce babbar damina guda, kuma da na sa aka ɓalle marfin domin gyaran makullin ƙofa na duba zoben, yana nan fari yadda aka sa shi, notin bai motsa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne duka. Na farko shi ne waya. Tsohuwar lasifika tana da soket nata na kamfani, kuma akwai 'yar wayar haɗi da ake sayarwa wadda ke shiga soket ɗin ba tare da an yanke komai ba. Shagon ba ya ajiye ta. Yaron ya ɗauko almakashi zai datse soket ɗin ya murɗa waya da waya ya naɗe da salatif, sai da na tsayar da shi, aka ciro bakin soket daga tsohuwar lasifikar aka yi masa dalma. Wanda bai tsaya a kan motarsa ba, da yanke masa za a yi. Shagon da ya kula da tsatsa har ya ƙi yin huji guda bai kamata ya yi sakaci da waya a wuri mai ruwa ba. Haka nan ban ga sun gwada wace waya ce ta (+) wace ce ta (-) ba sai da na yi magana, alhali idan aka juya su a ƙofa ɗaya, lasifikun biyu za su riƙa yi wa juna kishiya, amon ƙasa ya ragu ko da zoben ya zauna daram. Ƙaramin batir na tocila ya isa a gwada: idan aka taɓa wayar (+) a kan (+) na batir, ta (-) a kan (-), takardar lasifikar ta turo gaba, haɗin daidai ne.

Na biyu, ƙananan maɓallan roba da ke riƙe marfin ƙofa biyu sun karye wajen ɓallewa. Wannan yakan faru da tsohuwar roba, ba na ganin laifin kowa, amma ba a gaya mini ba sai da na ji gefen marfin yana kaɗawa a hanya na koma. Sun sauya su ba tare da gardama ba. Gefen zoben kuma da zarton hannu na lantarki aka yanka, da'irar ba ta fita sumul ba, sai da aka bi ta da sanfefa. Tunda ba a ganinsa ban damu ba, sai dai mai son aiki kamar na inji ya san abin da zai tarar. Lokaci ma a yi masa tanadi: idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, ga cunkoson shataletalen Suame a shiga da fita, saboda haka ba aikin da za a ce a yi shi tsakanin azahar da la'asar ba ne.

Kuɗin zobe biyu na roba tare da ɗaurawa bai kai kuɗin lasifikun kansu ba, ya kuma ɗara na MDF da abin da ba zai hana mai mota barci ba. Suna karɓar kuɗi ta waya, amma ba sa ba da rasit, alkawarinsu na baki ne. Wanda motarsa sananniya ce kamar Corolla ko Civic ko Elantra, kuma ya samu mazaunin kanti da ya dace da shekarar motar, ba lallai ne ya zo nan ba, muddin lasifikar da ya saya ba mai zurfi ba ce. Wanda ya fi bukatar shagon shi ne mai lasifika mai babban maganaɗisu, ko mai motar da ba a cika samun kayanta ba, ko mai son sa da'ira a ramin da aka yi wa mai siffar ƙwai. Idan motar ta zo da amfilifaya na kamfani, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin wasu Toyota masu tsarin JBL, a duba lambar om, wato ma'aunin juriyar lasifika ga wutar lantarki, da ke bayan tsohuwar lasifikar kafin a sayi sabuwa, domin yawancin na kasuwa om 4 ne, na irin waɗannan motoci kuwa sukan yi ƙasa da haka, kuma wannan matsala ce da zobe ba ya magancewa. A zo da lasifikun a cikin kwalinsu tare da ƙusoshinsu, a zo da wayar haɗi idan an samu, kuma kada a yarda a jefar da tsofaffin kafin a gama zana kwali.