Tankin ruwan zafi mai hita biyu: yadda ya yi da mu lokacin wankan jego

Shekararmu biyu a wani gidan haya da ke Luton, a Ingila, gidan da babu iskar gas a cikinsa ko kaɗan. Girki, ɗumama ɗaki, ruwan wanka, duk da lantarki ne. Ruwan zafi kuwa daga wani tanki yake zuwa, mai cin lita 150, da ke tsaye cikin kabad kusa da banɗaki. Hita biyu aka cusa masa ta gefe, ɗaya can ƙasa, ɗaya wajen wuya, kowacce mai ƙarfin kilowat 3. Da muka tare ban damu na san dalilin yin su biyu ba. Na ga makunni biyu a bango, na danna wanda ke kawo jar wuta, ruwa ya yi zafi, shi ke nan.

Haka muka yi ta lallaɓawa. In Abban yara ya riga ni shiga wanka, ni sai dai in jira awa guda, ko in watsa mai ɗumi-ɗumi ina karkarwa. Muka yanke cewa tankin ne ƙarami, muka haƙura, tun da gidan ba namu ba ne.

Asirin ya tonu a watan Janairu, da na haihu Mama ta zo daga Zariya don ta yi mini wankan jego. Duk wadda aka yi wa ta san ba wankan wasa ba ne: safe da yamma, ruwa mai zafin gaske, har kwana arba'in. Ranar farko Mama ta tara bokiti a famfo, na farko ya cika yana tururi, na biyu ma haka, kafin na uku ya kai rabi ruwa ya koma kamar na randa. Ta sa hannu ta cire, ta dube ni ta ce, "Yanzu ke da wannan kike nufin in gasa miki jiki? Ai ko kwanon miya ba zai wanke ba." Kwana huɗu muka yi muna dafa ruwa a butar lantarki da manyan tukwane biyu, kicin ya cika da tururi har tagogi suna zubar da ruwa.

A rana ta biyar mai gidan haya ya turo mai gyaran famfo, wani dattijon Bature, kuma shi ya fahimtar da ni abin da na shekara biyu ban gane ba. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka sama yake hawa ya zauna. Ta saman tanki ake ɗibar ruwa zuwa famfo, na sanyi kuma ta ƙasa yake shigowa ya maye gurbi. Hita ba ta dafa abin da ke ƙarƙashinta, sai na samanta. Wato hitar wuya, wadda muka dogara da ita tun da muka zo, kusan kashi ɗaya cikin uku na tankin kawai take zafafawa. Lita 50 ke nan ko kusa da haka, bokiti uku in an matsa. Ta ƙasan ce ke dafa tanki gaba ɗaya, ita ce kuma aka haɗa da wutar dare mai rahusa, tsarin da suke kira Economy 7, inda ake sayar da wutar awa bakwai na dare a farashi ƙasa da na rana. Tamu ta ƙasan ta daɗe da mutuwa, mu kuma muna ta biyan kuɗin wutar rana mai tsada a kan bokiti uku. Da na tuna takardun kuɗin wutar da muka biya, sai da raina ya ɓaci.

Mai gyaran ya fara danna wani ɗan maɓalli a kan na'urar da ke ƙayyade zafi, don wani lokaci ita ce ke yanke wuta in ruwa ya wuce ƙima. Bai tashi ba. Sai ya zuƙe ruwan tankin ya kwance hitar. Ƙarfen ya yi fari fat, ɓawo ya lulluɓe shi kamar an tsoma shi a kunun alli. Ruwan Luton daga ƙarƙashin duwatsun alli yake fitowa, kamar na wurare da dama a kudu maso gabashin ƙasar, shi ya sa gindin butar shayinmu ma kullum fari ne. Wannan ɓawon yana hana zafi fita daga ƙarfen zuwa ruwa, har ƙarfen ya ƙone.

Da ya sa sabuwa, ya saita zafin a digiri 60. Nan fa Mama ta ce in gaya masa ya ƙara, ya kai shi ƙarshe. Ya ƙi, kuma na ga gaskiyarsa. Ruwa mai digiri 60 ma yana iya sale fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ga jariri a gida ga yarinya 'yar shekara huɗu mai son wasa da famfo, sannan yawan zafi yana ƙara saurin taruwar allin. Rage shi ma ba dabara ba ce, domin ƙwayar cutar Legionella, mai kama huhu, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ke ajiye. Mama ba ta gamsu ba. Ta ce su a wuta ake sauke tukunya tana tafasa, ga su nan da ransu. Aka yi sulhu: ruwan tanki a bokiti, a ƙara masa buta ɗaya tafasasshiya, ni kuma in ce ya isa in ya isa.

Tun daga ranar tankin ya zama wani abu daban. Kafin asuba ya cika da ruwan zafi tun daga gindi. In aka sirka shi zuwa digiri 40 na wankan yau da kullum, lita 150 ɗin tana ba da wajen lita 250 a lissafi, ko da yake a zahiri ba ta kai haka, don na ƙarshen yana gaurayuwa da na sanyi. Wankan jegon safe, wankan jariri, na Abban yara, na yarinya da wanke-wanke, duk suna fita. Kafin la'asar dai ya kusa ƙarewa, sai in danna hitar sama ta yi awa ɗaya, ta ba mu na wankan yamma. Aikinta ke nan tun asali, ciko.

Aibinsa shi ne jinkirin yin zafi. Daga sanyi zuwa digiri 60, cikakken tanki yana cin kusan awa uku da wuta wajen yunit 9. In baƙi suka sauka da rana suka ƙarar da shi, babu wata dabara sai jira. Kuma ba ya gargaɗi: kana cikin wanka da ruwa mai zafi, cikin minti ɗaya ya rikiɗe ya koma ƙanƙara. Shawa ce babbar abokiyar gabarsa. Abban yara in ya shiga ya sake ta a kansa yana tunanin duniya, rabin tanki ya tafi. Bahon kwanciya kuwa wajen lita 80 yake sha, mun daina cika shi sam. Bokiti da kofi, yadda muka tashi muna yi a gida, su suka fi dacewa da irin wannan tanki, mutum ya yi wanka tsaf da lita 15. Na kuma hana buɗe famfon zafi don alwala ko wanke hannu na ɗan lokaci, saboda kafin zafin ya iso an gama, ruwan da aka jawo kuma ya huce a cikin bututu a banza.

Ga gida mai mutum uku zuwa huɗu, zan ce ya wadatar, muddin hitar ƙasa na aiki. Ga wanda bai tabbata ba, ya kashe ta sama da daddare, da safe ya ƙirga bokiti nawa zai samu. Kabad ɗin kuma yana da ɗan ɗumi ko da yaushe, a nan Mama ke shanya kayan jariri su kwana su bushe. Wannan kaɗai ta yaba a tankin har ta koma Zariya.